Daga Tehran Zuwa Zangon Lome: Wa Ke Cin Ribar Ƙaurace Wa Zaɓe?

A ƙarshen watan Yuni na shekarar 2024, ƙasashe biyu da ke amsa sunan Jamhuriyar Musulunci sun yi zaɓen shugaban ƙasa, kwana ɗaya tsakaninsu. Iran ta yi nata ranar Juma'a 28 ga wata, Murtaniya kuma ranar Asabar 29. A Iran, cikin kowane mutum goma da ke da ikon jefa ƙuri'a, huɗu ne kacal suka fito. A Murtaniya an samu kimanin kashi 55 cikin ɗari. Kusan wata biyu kafin nan, ranar 6 ga Mayu, aka sa hannu a kan sabon kundin tsarin mulkin Togo, wanda ya ɗauke zaɓen shugaban ƙasa daga hannun jama'a ya mayar da shi hannun 'yan majalisa.

Mai karatu da ke zaune gaban shagonsa a Hedzranawoe, ko yana jiran takardun duwan a Aflao ko Sinkase, yana iya cewa ina ruwan biri da gada. To, akwai ruwa. Maganar da ɗan Iran ya yi wa kansa ranar zaɓe, ita ce wadda ake ji a rumfunan kasuwanninmu: "Ko na je ko ban je ba, wanda za su ba sun riga sun san shi." Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya a wurare da dama. Abin tambaya a nan shi ne, idan mutum ya zauna a gida, wa ya yi wa hukunci, kuma wa ya ci ribar zaman nasa?

YADDA JAMA'AR IRAN SUKA JA BAYA

Tun bayan juyin juya halin 1979, mahukuntan Iran sun ɗauki yawan masu fitowa zaɓe a matsayin shaidar cewa jama'a na tare da tsarin Jamhuriyar Musulunci. Shi ya sa dogon layi a rumfar zaɓe yake da daraja a wurinsu, ko da wanda ya ci ba shi suka fi so ba. A 1997, kusan kashi 80 cikin ɗari suka fito suka zaɓi Muhammad Khatami. A 2013 da 2017, lokacin Hasan Ruhani, an samu kimanin kashi 73. Daga nan abin ya fara zamewa: a 2021 bai kai rabi ba, a zagayen farko na 2024 kuma ya tsaya a kashi 40, mafi ƙaranci a tarihin zaɓen shugaban ƙasa na jamhuriyar.

Ruwa ba ya tsami banza. Dalili na farko shi ne tankaɗe da rairaya da ake yi wa 'yan takara. Akwai wata majalisa mai mutum 12 da ake kira Majalisar Kare Tsarin Mulki. Shida daga cikinsu malamai ne da Jagora ke naɗawa, sauran shida masana shari'a ne da shugaban sashen shari'a ke gabatarwa majalisar dokoki ta amince, shi kuwa shugaban sashen shari'ar Jagora ne ke naɗa shi. Duk wanda wannan majalisa ba ta yarda da shi ba, sunansa ba zai hau takardar zaɓe ba. A 2021, mutum kusan 600 suka nemi tsayawa, bakwai aka bari, aka zubar da manyan da za su iya ja da Ibrahim Ra'isi. Jama'a suka gane inda aka dosa. Da yawa suka zauna a gida, wasu kuma suka je suka lalata takardarsu da gangan, har ya kasance lalatattun ƙuri'u sun fi abin da wanda ya zo na biyu ya samu.

Dalili na biyu shi ne kujerar kanta ba ta da cikakken iko. A tsarin Iran, soja da dakarun juyin juya hali, da sashen shari'a, da gidan rediyo da talabijin na ƙasa, da magana ta ƙarshe kan hulɗa da ƙasashen waje, duka suna hannun Jagora. Shugaban ƙasa shi ne mai riƙe da kasafin kuɗi da ministoci. Dalili na uku kuwa ɗan kasuwa ya fi kowa saninsa: takunkumin da Amurka ta dawo da shi a 2018, da faɗuwar kuɗin riyal, da tsadar kaya. Ga kuma ɓacin ran da ya biyo bayan murƙushe zanga-zangar 2022, wadda ta ɓarke bayan mutuwar Mahsa Amini a hannun 'yan sanda.

To amma a dubi abin da ya faru cikin mako guda. An yi zaɓen 2024 ne saboda rasuwar Ra'isi a haɗarin jirgi mai saukar ungulu ranar 19 ga Mayu. A zagayen farko, Mas'ud Pezeshkian, likitan zuciya da ke ɓangaren masu neman sauyi, ya samu ƙuri'a miliyan 10 da ɗoriya. Sa'id Jalili mai ra'ayin riƙau ya samu miliyan 9 da rabi, Muhammad Baƙir Ƙalibaf kuma miliyan 3 da ɗoriya. Ƙalibaf ya ce magoya bayansa su bi Jalili. Idan aka haɗa lissafin nan, Pezeshkian ya faɗi ke nan. Sai ga shi ranar 5 ga Yuli an samu ƙarin mutum kimanin miliyan 6 da suka fito, yawan masu zaɓe ya kai kusan kashi 50, Pezeshkian ya tashi da miliyan 16 da ɗoriya, Jalili miliyan 13 da rabi. Ashe waɗanda suka yi fushi a makon farko su ne masu yanke hukunci a mako na biyu.

Kada a ɗauka cewa wannan ya warware matsalar Iran. Pezeshkian ya yi yaƙin neman zaɓe da alkawarin neman sassaucin takunkumi, amma a watan Yunin 2025 aka yi yaƙin kwana 12 da Isra'ila, a watan Satumba kuma takunkumin Majalisar Ɗinkin Duniya ya dawo. A ƙarshen Disamba na wannan shekarar, 'yan kasuwar Tehran suka rufe shagunansu saboda lalacewar riyal, zanga-zanga ta bazu zuwa garuruwa, aka kuma murƙushe ta da asarar rayuka masu yawa a Janairun 2026. Darasin a fili yake: inda akwati ya kasa ɗaukar koken jama'a, titi ne ke ɗauka, kuma kuɗin titi da jini ake biyansa, bayan shagunan da ke zama a kulle.

MURTANIYA DA GAMBIYA: MISALAN DA KE KUSA DA MU

Ba sai an je nesa ba, a Afirka ta Yamma ma akwai Jamhuriyar Musulunci. Murtaniya ta ɗauki wannan suna tun 1958, shekara 21 kafin Iran. Sai dai tsarinta daban ne: babu wani Jagora a saman shugaban ƙasa, kuma tun juyin mulkin 1978 yawanci sojoji ne ko tsofaffin sojoji ke riƙe da kujerar. A 2007 an zaɓi farar hula, Sidi Ould Cheikh Abdallahi, amma Janar Muhammad Ould Abdel Aziz ya kifar da shi a watan Agustan 2008.

A zaɓen 2014, manyan jam'iyyun adawa suka ce ba za su shiga ba. Hakan bai hana Abdel Aziz barci ba. An sanar da cewa kimanin kashi 56 sun fito, shi kuma ya lashe da sama da kashi 80, ya yi shekarunsa biyar cif. Wani mutum guda, Biram Dah Abeid, mai fafutukar yaƙi da bauta, ya ƙi bin sahun masu ƙauracewa. A 2014 ya samu kusan kashi 9, a 2019 kusan kashi 19, a 2024 kuma kashi 22, inda ya zo na biyu bayan Shugaba Muhammad Ould Ghazouani mai kashi 56. Bai ci ba, ya kuma yi watsi da sakamakon. Amma a zaɓen 2024 shi ne babban mai ƙalubalantar gwamnati, ya kere tsofaffin jam'iyyun da suka zauna a gida a 2014.

Labarin Gambiya ya fi ban mamaki. A watan Disambar 2015, Yahya Jammeh ya wayi gari ya ce ƙasar ta zama Jamhuriyar Musulunci, ba tare da ya tambayi kowa ba. Bayan shekara guda, ranar 1 ga Disambar 2016, aka yi zaɓe. A 2011 sama da kashi 80 ne suka fito, a wannan karon kuwa kimanin kashi 59. Duk da haka Jammeh ya sha kaye a hannun Adama Barrow, ɗan kasuwar gidaje da filaye, da ratar ƙuri'a da ba ta kai 20,000 ba. Abubuwa biyu suka kawo haka. 'Yan adawa mafi yawansu sun haɗu a bayan mutum ɗaya, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sannan an ƙirga ƙuri'u a rumfunan zaɓe a gaban wakilan 'yan takara, abin da ya rufe ƙofar canza lissafi a hanya. Jammeh ya amince, ya dawo ya ce bai yarda ba, daga ƙarshe ya bar ƙasar a Janairun 2017 bayan da CEDEAO ta tura sojoji. Barrow ya cire sunan da Jammeh ya laƙaba.

Abin lura a nan shi ne, sunan da ƙasa ta sa wa kanta ba ya kai mutum rumfar zaɓe, ba ya kuma hana shi zuwa. Ƙasashen nan uku sun amsa suna ɗaya, amma kowace da irin rawarta. Abin da mai zaɓe ke aunawa shi ne: akwai zaɓi na gaskiya a kan takarda? Kujerar tana da iko? Za a ƙirga abin da na jefa?

GIDA BAI ƘOSHI BA

Mu dawo Togo, don a nan ne aka fi ganin kuɗin ƙauracewa ƙiri-ƙiri. Kundin tsarin mulkin 1992 ya ƙayyade wa shugaban ƙasa wa'adi biyu. A watan Oktoban 2002, manyan jam'iyyun adawa suka ƙaurace wa zaɓen 'yan majalisa. Jam'iyyar RPT ta Janar Gnassingbe Eyadema ta kwashe kujeru 72 cikin 81. Kafin shekarar ta ƙare, wannan majalisa ta cire ƙayyade wa'adi, ta mayar da zaɓe zagaye ɗaya, ta kuma rage shekarun tsayawa takara daga 45 zuwa 35. Da Eyadema ya rasu ranar 5 ga Fabrairun 2005, ɗansa Faure yana da shekara 38. Dattawan Zango ba su manta da rikicin zaɓen Afrilun 2005 ba, wanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce ya ci rayuka tsakanin 400 zuwa 500, dubban mutane kuma suka tsallaka Gana da Benin.

Sai aka maimaita. Bayan zanga-zangar da ta faro a watan Agustan 2017 daga Sokode da Lome, ƙawancen jam'iyyu 14 ya ƙaurace wa zaɓen 'yan majalisa na 20 ga Disambar 2018. Suna da hujjarsu: ba su yarda da hukumar zaɓe ta CENI da rajistar masu zaɓe ba, suna ganin da muguwar rawa gara ƙin tashi. Jam'iyyar UNIR ta samu kujeru 59 cikin 91, sauran suka tafi ga 'yan takara masu zaman kansu da ƙananan jam'iyyu. Wannan majalisa ce a watan Mayun 2019 ta dawo da wa'adi biyu, amma ta ce ba za a ƙirga na baya ba. Ita ce kuma, bayan wa'adinta ya cika, ta amince da sabon kundin a watannin Maris da Afrilun 2024. A zaɓen 29 ga Afrilun 2024 'yan adawa sun dawo fili, amma UNIR ta tashi da kujeru 108 cikin 113, su kuma suka yi zargin maguɗi.

Ba wanda zai rantse cewa da sun shiga a 2002 ko 2018 da sun yi rinjaye. Amma canza kundin tsarin mulki ta hanyar majalisa yana buƙatar rinjaye mai girma ƙwarai, wanda 'yan adawa marasa yawa ke iya tarewa idan suna ciki. Sau biyu aka bar kujerun, sau biyu aka yi amfani da su.

A sabon tsari, 'yan majalisar dokoki da na dattawa ne ke zaɓen Shugaban Jamhuriya, kuma kujerarsa ta girmamawa ce. Ikon gaske yana hannun Shugaban Majalisar Ministoci, wanda shi ne jagoran jam'iyyar da ke da rinjaye a majalisar dokoki, kuma ba a ƙayyade masa yawan wa'adi ba. Ranar 3 ga Mayun 2025, Faure Gnassingbe ya hau wannan kujera, Jean-Lucien Savi de Tove kuma ya zama Shugaban Jamhuriya. Ma'anar wannan ga ɗan Togo ita ce, ƙuri'ar da ya saba raina wa, wato ta ɗan majalisa, ita ce yanzu ke naɗa mai mulkin ƙasa, kuma shekara shida ake yi kafin ta sake zagayowa. Ƙuri'ar kansila ma ta ƙara nauyi, domin kansilolin ƙananan hukumomi da na jihohi ne ke zaɓen dattawa 41 cikin 61.

ME YA SHAFI ƊAN KASUWA?

Al'adarmu ta fatake ita ce a kauce wa siyasa. Baƙo ne kai, ka zo neman halal, kada ka sa baki a rigimar masu gari. Wannan dabara ta tsare mu a wurare da yawa. Amma ta kuma sa ana yanke hukunci a kanmu ba mu a wurin. A 1977, zamanin jam'iyya ɗaya, aka rushe tsohon Zango da ke tsakiyar Lome aka kwashe jama'a zuwa Agoe, can bayan gari. Jikokin waɗannan mutane a nan aka haife su, da yawansu 'yan ƙasa ne da takardunsu. Wanda aka haifi ubansa a Lome ba shi da dalilin ci gaba da zaman baƙo ranar zaɓe.

A dubi abin da siyasa ta yi wa ciniki a 'yan shekarun nan. Gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Najeriya na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, kaya suka ruɓe a Seme. A zaɓen Najeriya na Fabrairun 2023, mutum miliyan 93 ne ke cikin rajista, amma kimanin kashi 27 cikin ɗari suka jefa ƙuri'a, wato ƙasa da abin da Iran ta samu a ranar da ta fi jin kunya. Bola Tinubu ya hau mulki da ƙuri'ar da ba ta kai miliyan 9 ba. Ranar da aka rantsar da shi, 29 ga Mayu, ya ce tallafin man fetur ya ƙare, bayan makonni kuma aka saki naira. Duk mai canjin naira da sefa ya san abin da ya biyo baya. Wanda ya yi zaɓe da wanda bai yi ba, farashi ɗaya suka sayi mai.

A Nijar kuwa jama'a sun fito, sama da kashi 60 cikin ɗari a zagaye na biyu na Fabrairun 2021, amma sojoji suka kifar da Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023. Gadar Malanbil zuwa Gaya ta rufe, kayan Nijar suka koma bi ta tashar jirgin ruwan Lome, su haura Sinkase, su ratsa Burkina Faso da rakiyar sojoji. A Janairun 2025, Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga CEDEAO. Wannan ya nuna cewa fitowa zaɓe ba laya ba ce. Ana iya zaɓe a ƙwace. Sai dai wanda aka ƙwace wa yana da abin nunawa, wanda bai jefa komai ba kuwa ba shi da bakin cewa an yi masa sata.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da suka fi kusa da aljihu. Tikitin kasuwa, rabon rumfuna, kwashe shara, magudanar ruwa, wurin tsayawar manyan motoci, yawancinsu suna bi ta ofishin magajin gari. Togo ta yi shekara 32 ba a zaɓi kansiloli ba, daga 1987 har zuwa Yunin 2019. Wanda ya ga gobarar babbar kasuwar Lome a Janairun 2013, ko ta Agoe-Assiyeye a Disambar 2023, ya san cewa ranar da za a raba sababbin rumfuna, wanda ke da mutum a teburi shi ake ji. Ɗan siyasa kuwa ba ya ƙirga yawan mutanen unguwa, ƙuri'un da suka fito daga rumfunanta yake ƙirgawa. Unguwar da aka san ba ta fita, ba a ɓata mata kwalta.

ABIN DA YA RAGE A HANNUNMU

Na farko, kowa ya san ƙasarsa ya yi rajista a can. Mu mazauna bakin iyaka an daɗe ana zarginmu. A 2015, jam'iyyar NPP ta Gana ta yi iƙirarin cewa akwai 'yan Togo sama da 76,000 a rajistar zaɓen ƙasar. Ko zargin ya tabbata ko bai tabbata ba, wanda ya karɓi katin ƙasar da ba tasa ba don a ba shi jaka biyu, ya jawo wa dukan Zango baƙin jini. Ɗan Togo ya nemi takardar haihuwa da ta zama ɗan ƙasa, shi da iyalinsa, tun kafin lokaci ya ƙure. Ɗan Najeriya ya tuna cewa a 2023 ba a jefa ƙuri'a daga ƙasar waje ba, sai wanda ya koma rumfarsa, don haka mai niyyar zaɓen 2027 ya tsara tafiyarsa tare da fataucinsa. Zuwa da kai ya fi aike.

Na biyu, darasin Gambiya: jefa ƙuri'a rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne a tsaya har a ƙirga, a ga wakilai sun sa hannu a takardar sakamako. 'Yan kasuwa ba sa barin a auna musu hatsi a bayan idonsu, bai kamata su bar wannan ba.

Na uku, ƙungiyoyin 'yan kasuwa da sarakunan Zango da limamai su riƙa zama da 'yan takara kafin zaɓe da buƙatu a rubuce, irin su shingayen hanya, kuɗin duwan, rumfuna da takardun yara, maimakon a karɓi buhun shinkafa a yi addu'a a watse. Ba sai an ce wa kowa ga wanda zai zaɓa ba.

Ƙarancin masu zaɓe yana ba mai mulki kunya, gidajen rediyo su yi kwana biyu suna magana, daga nan a rantsar da shi ya kama aiki. Haka aka yi a Tehran a 2021, haka aka yi a Nuwakshot a 2014, haka kuma aka yi a Lome a 2002 da 2018. Wanda ya ga an toshe duk ƙofofi yana da haƙƙin ya yi fushi, ba kuma za a ce masa bai san abin da yake yi ba. Amma kafin ya yanke shawarar zama a gida, ya tambayi kansa wa zai zauna a kujerar da ya bari, kuma wace doka za a rubuta a kanta. Allah Ya ba ƙasashenmu zaman lafiya, Ya buɗa kasuwa, amin.